Bututun Gilashi da Gashin Bakin Kyanwa

Tun da na ajiye aiki nake jin yaran da suka gaje mu suna cewa wai gano siffar furotin ya zama aikin shan shayi: ka zuba jerin sinadaransa a AlphaFold, kafin ruwa ya tafasa ta miƙo maka hoto. Ba na musun manhajar ta yi bajinta, kuma waɗanda suka ƙirƙiro ta sun cancanci lambar Nobel da aka ba su a 2024. Abin da ke sosa mini rai shi ne ba mai tambayar inda ta yi karatu. A rumbun Protein Data Bank ta koyi siffofin furotin da ta sani, rumbun da aka buɗe a 1971 da siffofi bakwai kacal, yau sun haura dubu 200. Akasarinsu sai da wani ya yi ta fama furotin ya ƙanƙare ya zama kiristal tukuna.

A Ingila na koyi aikin, farkon shekarun 1980, kuma ba farfesa ne ya koya mini ba. Wata dattijuwa ce mai kula da kayan ɗakin gwaji, ko digiri ba ta da shi. Ita ta nuna mini yadda ake ɗora kiristal. Za ka zuƙo shi a hankali cikin wani siririn bututun gilashi wanda ko kallon banza ka yi masa sai ya fashe, idonka na kan madubin ƙara girma. Sai ka yanko tsinken takardar tacewa ka tsotse ruwan da ke kewaye da shi, ka bar ɗan ɗigo can gefe don kada iskar ciki ta bushe, ka liƙe baki biyun da narkakken kaki. Ruwa ya yi yawa, kiristal ya zame ana tsakiyar aunawa. Ya yi kaɗan, ya tsage, aikin watanni ya tafi. Sau da yawa a ɗakin sanyi ake yi, yatsu sun ƙage, kana riƙe numfashi. Ita kuwa tana yi tana hira.

A aljihun teburinta akwai kwalbar gashin bakin kyanwa. Idan furotin ya ƙi ƙanƙarewa, sai ta shafi wani tsohon kiristal da gashin, ta ja shi cikin sabon ɗigo, bayan kwanaki ka ga ƙanana sun jeru a kan layin. Har yanzu ana wannan dabara, sai dai da wani abu da ake saya da kuɗi.

Mu ma fa 'yan gata ne idan aka gwada da na gabanmu. Max Perutz ya kama himoglobin na doki a 1937 a Kambirij, bai ga siffarsa ba sai 1959, bayan ya gano a 1953 cewa maƙala masa zaiba zai buɗe hanyar lissafin. Wannan furotin ne ma ya jawo ni fagen, don duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san gidan da sikila ta hana barci. A can Kambirij ɗin Vernon Ingram ya nuna a 1956 da 1957 cewa a himoglobin na mai sikila sinadari ɗaya tak ne ya sauya, balin ya maye gurbin gulutamet a matsayi na shida. A 1975 kiristal ya nuna yadda balin ɗin ke shigewa wani lungu a jikin himoglobin da ke maƙwabtaka da shi idan iskar oksijin ta fita, su yi ta haɗuwa har su zama zaruruwa su lanƙwasa ƙwayar jini. To, ka ba manhaja jerin lafiyayye da na mai sikila, hotunan kusan iri ɗaya za su fito, don cutar ba a naɗin furotin ɗin take ba. Ko mu da muka ga lungun da idonmu ba mu tsinana wa majinyata abin kirki ba: maganin voxelotor da aka ƙera don ya riƙe himoglobin a siffarsa mai oksijin ya fito a 2019, aka janye shi a 2024.

Na yi nisa. Da bututanmu muke tafiya Daresbury, inda ke da hasken eksire mai ƙarfi, an naɗe su a auduga, a kwana ana canza fim, hasken yana cinye kiristal ɗaya bayan ɗaya. A shekarun 1990 daskarewa da ruwan naitirojin ta zama ruwan dare: ka kamfato kiristal da ɗan zoben zare, ka tsoma, ɗaya ya ishe ka. Aiki ya yi sauƙi ƙwarai, ba na kewar tsagewar kiristal ko kaɗan. Amma cikin 'yan shekaru hannun da ya ƙware ya rasa mai nema. Daresbury ta kashe na'urarta a 2008, yanzu a Diamond da ta gaje ta inji ne ke ɗorawa, mai bincike yana iya zama a gida yana danna kwamfuta.

Dattijuwar ta yi ritaya kafin wannan. Ita ta ɗora kiristal ɗin da siffofi da dama na ɗakinmu suka fito daga gare su, amma a takardun da aka buga sunanta bai taɓa wuce layin godiya na ƙarshen shafi ba, wani lokacin ma ko nan ba a sa ta.