Kafin a sayar wa 'yan gwangwan da keken Baba

A gidaje da yawa na ƙasar Mayahi da Tasawa akwai tsohon keke jingine a zaure ko bayan rumbu, taya ta sace, sirdi ya yage, tsatsa ta ci madigadi. Yara na ganinsa tarkace, 'yan gwangwan kuma na zagaya ƙauyuka da sikeli suna sayen irinsa a kan kilo. Kafin a miƙa musu, ya kamata a san abin da ake sayarwa.

Keke mai ƙafa biyu daidai wa daida, da sarƙa mai juya ta baya, John Kemp Starley ne ya fito da shi a Coventry ta Ingila a 1885. A 1888 Dunlop ya kawo tayar da ake hura wa iska. A waɗannan shekarun ne kamfanin Raleigh ya tashi a Nottingham, da tambarinsa mai kan zalɓe, wanda mutanenmu suka mayar Rali.

Gyaɗa ce ta kawo shi nan. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma gyaɗar Maraɗi da Tasawa ta Kano take bi ta sauka Ikko. Hanyar da buhu ya bi ya tafi, ita atamfa da kananzir da keke suka biyo suka zo. Shi ya sa, ko da yake Faransa ce ke mulki kuma Peugeot na ƙera keke tun 1882, keken Ingila ya samu shiga sosai a wannan yanki. Ko sunan ma daga kudu ya hauro, don kalmar keke daga Yarabanci muka aro ta. Daga baya har masana'antar harhaɗa Rali aka kafa a Kano.

A zamanin SONARA, kamfanin sayen gyaɗa da gwamnatin Nijar ta kafa a 1962, manomin da kakarsa ta yi kyau yana iya komawa gida da sabon keke. Mushen lakwal na hawansa zuwa ƙauyen da aka tura shi, malamin asibiti ma haka. Amma abin da ya mayar da shi dukiya a karkara irin Kanan Bakashe shi ne kariya. Mai kariyar ƙarfe yana ɗora buhun hatsi, ko damin tabarmi da igiyoyin kabar Gulbin Kaba, ko mara lafiya zuwa likita. Inda rairayi ya yi zurfi sai ya sauka ya tura, kayan dai ba a kansa suke ba. Madigadi na tare caɓin damina, murfin sarƙa na hana ta cin bakin riga da shan yashi, ƙaramar jakar fata kuma na rataye a bayan sirdi da sifana da sholisho da ƙyallen faci. Sauran ado, su madubi biyu da tuntaye da ledar da ake naɗe ƙarfe da ita, wannan na samari ne.

Farin 1973 da 1974 ya karya gyaɗa, kuɗin Rali ya gagari talaka. Sai Phoenix na Shanghai da Hero na Indiya suka cike gurbin da araha. An karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, daga baya baburan Sin suka cika kasuwa, kabu-kabu ya kwashe fasinja. A 2002 Raleigh ya daina haɗa keke a Nottingham.

Ga inda tarihin ke da amfani ga mai son gyara. Phoenix da Hero siffar keken Ingila suka kwaikwaya, tayarsu inci 28 ce, birkinsu na sandar ƙarfe ne, don haka taya da tib da robar birki da kariya da madigadinsu galibi suna hawa tsohon Rali. Inda ake samun matsala shi ne wuya da gidan feda: Raleigh na yanka zare 26 a kowane inci, sauran kamfanoni 24. Bakaniken da ya tilasta sabon kofi a tsohon gida ya kashe zaren, ya kashe keken. A wanke na asalin da kananzir, a sa sababbin boris da giris, a mayar. Tsohon Peugeot kuwa awonsa na Faransa ne, kayan wancan ba sa shigarsa. A kuma duba ƙarfen wajen wuya da ƙarƙashin sirdi. In ya tsage, sai mai walda ya gani kafin a kashe ko dala.

A ganina iyaye da malamai ne ya fi kamata su damu da wannan. Firamare na kusa da gida, amma kwaleji sau da yawa sai babban gari, kuma nisan nan na cikin abin da ke sa a cire yaro, musamman 'ya mace, ko a kai shi riƙo gidan da ba a san yadda zai zauna ba. Babur na son mai kullum, ga hatsari a hannun ɗan shekara goma sha uku. Keken kakansa iska yake so da ɗan man shafawa. Sai dai ƙirar manya ce, dogo ne kuma da nauyi, don haka a sauke sirdi ƙasa, a gwada birkin gaba da na baya, a ɗaure jakar littattafai a kariya maimakon a rataya ta a hannun keken, inda take karkatar da kan yaro cikin rairayi.