Harara-garke a idon yara: dalilinta da maganinta

Harara-garke ita ce rashin daidaituwar idanu biyu wajen duba abu guda. Irin da aka fi gani ga ƙananan yara shi ne wanda ido ɗaya yake karkata ciki, wajen hanci. Mutane da dama suna ɗaukar wannan a matsayin halitta wadda ba ta da magani, alhali kuwa tana da shi, muddin an fara da wuri.

Yadda abin yake faruwa

Kowane ido yana da tsoka 6 masu juya shi. A cikinsa kuma akwai wani ɗan madubi mai taushi, wanda yake ƙara kauri in mutum zai duba abin da ke kusa. Ƙwaƙwalwa ta haɗa ayyukan nan biyu: duk lokacin da madubin ya ƙara kauri, idanu sukan matso wajen hanci. Akwai yaran da idonsu ya ɗan gajarta, saboda haka sai sun yi ƙoƙari mai yawa kafin su ga abu sarai. Wannan ƙoƙari ne yake jan ido ciki fiye da kima. Wani likita ɗan ƙasar Holan mai suna Donders ya bayyana wannan dangantaka a 1864.

Galibi abin yakan fara tsakanin shekara 2 da 3. Da farko yakan zo ya tafi, musamman in yaro ya gaji ko yana duba abu a hannunsa, daga baya ya zauna.

Haɗarin jinkiri

Don kada yaro ya ga abu biyu-biyu, ƙwaƙwalwa takan daina aiki da idon da ya karkata, sai ganinsa ya raunana. In an wuce shekara 7 ko 8 ba a yi magani ba, maido da ganin yana da wuya ƙwarai.

Magani

Likitan ido yakan ɗiga magani a ido don madubin ya saki, sa'an nan ya auna. In akwai bukata, sai ya rubuta tabarau, wanda yaro zai riƙa sawa dukan yini. Ga yara da yawa tabarau kaɗai ya isa ya miƙar da idon. In ya cire shi idon ya sake karkata, wannan ba alamar lalacewa ba ce. In ido ɗaya ya raunana, akan rufe mai lafiyar na wasu awoyi kowace rana, don mai raunin ya yi aiki. Karkatar da tabarau bai gyara ba ita ake yi wa aikin tiyata.

Shawara ga iyaye da malamai

Idon jariri yakan karkata jefi-jefi a watannin farko. In abin ya wuce wata 4, a kai shi asibiti mafi kusa don a tura shi wurin likitan ido, kamar waɗanda ke manyan asibitocin Yamai da Damagaram. A gaggauta in an ga fari a tsakiyar baƙin ido, ko in karkatar ta zo farat ɗaya tare da ciwon kai da amai. Kada a ɗiga tsimi ko ruwan ganye a ido. Malami kuma ya hana ƴan aji yi wa mai tabarau ba'a, domin yaron da aka kunyata yakan ɓoye tabaraunsa cikin jaka, maganin ya tashi a banza.