Binciken da aka yi a kan ƴaƴanmu, wa ya karanta shi?

Jama'ar Arlit da Akokan, a 1973 aka buɗe lakwal ta gwaji a Damagaram inda yara ke fara karatu da Hausa, daga baya Tamajak ma ta shigo. Masana sun bi azuzuwan, sun ga yaro ya fi saurin ganewa da harshen uwa. Amma sakamakon ya kwanta cikin rahotanni da mujallun jami'a, wasu sai ka biya kuɗi, mushen ƴaƴanmu bai gani ba.

A 2002, a Budapest, masana suka yi kira a saki bincike kyauta a intanet. Yau mujallun Afirka da yawa na shafin AJOL a waya ake karanta su, ba ko dala. To, saura mai fassara mana.