Takunkumin da Ya Tsallake Ƙaro

Kafin motocin noma su iso, ƙasar Simsim da ke kudu da garin Gadarif daji ce ta ƙaya, dakwara da dushe sun cika ta, kuma daga jikinsu ake samun ƙaro. A 1968 gwamnatin Sudan ta kafa hukumar noman inji, Bankin Duniya ya ba da rance, aka shiga sare dajin ana yanka gonaki na fadan dubu ko fiye don dawa da riɗi. Akasarin masu gonakin 'yan kasuwar birni ne. Masu cira da yankan riɗi kuwa 'yan ƙwadago ne, cikinsu har da Hausawa, jikokin waɗanda suka biyo hanyar Makka da ƙafa suka yi kaka-gida a gabashin Sudan.

Noman da ya dogara ga tarakta, ransa na hannun mai sayar da kayan gyara. A 1993 Amurka ta sa Sudan a jerin masu ɗaure wa ta'addanci gindi, sannan a Nuwamba 1997 Shugaba Bill Clinton ya haramta ciniki da ƙasar. Jiragen ƙasa da na sama suka fara tsayawa don rashin kayan gyara, injinan gona ma ba su tsira ba. Sai a 2010 aka sassauta ba da lasisin sayar wa Sudan kayan aikin noma.

Amma abu ɗaya ya gagari takunkumin. Sudan ce kan gaba a duniya wajen fitar da ƙaro, kuma masu lemon kwalba da magunguna da tawadar ɗab'i ba sa iya yi sai da shi. Kamfanonin da ke sarrafa shi a Amurka 'yan ƙalilan ne, yawancinsu a jihar New Jersey. Ɗan majalisar wakilai daga jihar a lokacin, Bob Menendez, ɗan asalin Kyuba ne da ya yi suna wajen matsa wa Fidel Castro lamba da takunkumi, amma da maganar ta zo kan ƙaro sai ya tsaya kai da fata a buɗe masa ƙofa. Hujjar masu goyon bayansa ita ce, in an hana, Faransawa za su saya su sarrafa su sayar wa Amurka da tsada, Khartoum ba ta yi asarar komai ba. Hujjar ba ta rasa gaskiya ba, sai dai babu wanda ya yi wa mai tarakta a Simsim irin wannan lissafi. A 2000 majalisa ta sa batun lasisin ƙaro cikin doka.

Su ma masu tsaga bawon dakwara da rani ba su ga ribar kirki ba, domin daga 1969 zuwa 2009 kamfani ɗaya ne ke da ikon fitar da ɗanyen ƙaro, shi ke yanka farashi. Gwamnati dai ta san abin da ke hannunta. A 2007 jakadanta a Washington, John Ukec Lueth, ya ɗaga kwalbar Coca-Cola gaban 'yan jarida yana barazanar tsayar da ƙaron.

Abin da ya fi ƙuntata wa 'yan kasuwar Gadarif shi ne banki. Bayan an ci bankin BNP Paribas tarar kusan dala biliyan 9 a 2014 kan keta takunkumi, bankunan waje suka riƙa gudun duk kuɗin da ke da ƙamshin Sudan, ko da na riɗi ne.

An ɗage takunkumin ciniki a Oktoba 2017, an cire Sudan daga jerin ta'addanci a Disamba 2020 bayan ta amince da biyan diyyar dala miliyan 335. Menendez, wanda ya zama sanata har ya shugabanci kwamitin harkokin waje, yana cikin waɗanda suka ja daga kan sharuɗɗan dokar da ta biyo baya. A 2024 kotu ta same shi da laifin cin hanci da yi wa Masar aiki, a 2025 aka yanke masa shekara 11.