3.2 Jigon Soyayya a Waƙoƙin Tango na Farko

Kamar yadda aka nuna a babi na biyu, tango ya samo asali ne a unguwannin talakawa na biranen Buenos Aires da Montevideo a ƙarshen ƙarni na 19. Ƙidayar shekarar 1914 ta nuna cewa kusan rabin mazauna Buenos Aires baƙi ne, akasarinsu daga Italiya da Sifen, kuma maza sun fi mata yawa a cikinsu. Don haka ne manazarta suke danganta kukan rashin mace da ya cika waɗannan waƙoƙi da zaman gwauranci da kewar gida.

Da farko tango kiɗan rawa ne, baitocin da akan ɗora masa kuwa yawancinsu na batsa ne ko na kirari. Sauyi ya zo ne a 1917, lokacin da Carlos Gardel ya rera “Mi noche triste” ta Pascual Contursi a faifai. A wannan waƙa namiji ne yake magana da macen da ta gudu ta bar shi. Abin lura shi ne bai zage ta ba. Kayan ɗaki ya dinga lissafawa, irin su madubi da fitila da jita, yana nuna su ma kewarta suke yi. Wato mawaƙin ya yi amfani da salon mutuntarwa domin ya faɗi abin da jarumta ta hana namiji faɗa da bakinsa.

Enrique Santos Discépolo (1901–1951) ya fi Contursi zafin harshe. A waƙarsa “Esta noche me emborracho” (1928), wani ya hangi tsohuwar masoyiyarsa tana fitowa daga gidan rawa da asuba, ta rame ta tsufa. Sai ya shiga muzanta kamanninta, sannan ya tuna cewa saboda ita ya ci amanar abokansa, ya bar mahaifiyarsa da yunwa. Daga ƙarshe ya yanke shawarar buguwa da giya don ya manta. A ganin mai wannan bincike, muzantawar ba alamar warkewa ba ce, domin wanda ya daina so ba ya bukatar giya kafin ya manta. Ƙiyayyar da yake furtawa da son da yake ɓoyewa suna tafiya ne a baiti ɗaya.

Sai dai akwai rashin adalci a nan. Yawancin marubutan maza ne, kuma da wuya a ba macen damar faɗin dalilin tafiyarta, ko da talauci ne ya kore ta. Mace guda da ba a zargi ita ce uwa. Abin mamaki, wadda ta fara fito da waƙar Discépolo ɗin a dandali mace ce, Azucena Maizani, mawaƙiyar da ta yi suna wajen hawa dandali sanye da kayan maza.