Hoton ƙwaƙwalwa da cutar Parkinson: abin da na'ura ke iya nunawa

Cutar Parkinson ta samo sunanta daga likitan nan na Landan, James Parkinson, wanda ya yi bayaninta a rubuce a shekarar 1817. Alamominta sun haɗa da karkarwar hannu lokacin da mutum yake zaune shiru, da sandarewar gaɓoɓi, da nauyin jiki wajen motsi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 8.5 ne ke ɗauke da ita a 2019.

Matsalar ita ce akwai wasu cututtuka da ke zuwa da irin waɗannan alamomi, amma maganinsu da makomarsu sun bambanta. Mai cutar Parkinson yakan samu sauƙi sosai da maganin levodopa, su kuwa masu wasu cututtukan da suka yi kama da ita, amfaninsa gare su kaɗan ne. Shi ya sa likitoci ke neman shaida daga hoton ƙwaƙwalwa.

Hoton MRI

A farkon cutar Parkinson, hoton MRI na yau da kullum ba ya nuna wani abin a zo a gani. Amfaninsa shi ne kawar da zargin wasu dalilai, kamar ƙari a ƙwaƙwalwa, ko taruwar ruwa a cikinta, ko toshewar ƙananan hanyoyin jini. Haka kuma yakan tona asirin cututtuka biyu masu tsanani. A cutar PSP, wadda ke sa yawan faɗuwa da wahalar kallon ƙasa, wani sashe na tushen ƙwaƙwalwa yakan motse har ya ɗauki siffar ɗan tsuntsu mai dogon baki. A cutar MSA kuwa, akan ga zane mai kama da gicciye a ƙasa da wannan sashe. Sai dai waɗannan alamomi sukan bayyana ne bayan ciwon ya yi nisa.

Hoton DaTscan

Cutar Parkinson tana faruwa ne idan ƙwayoyin da ke samar da sinadarin dofamin suka riƙa mutuwa. Hoton DaTscan, wanda Tarayyar Turai ta amince da shi a 2000, Amurka kuma a 2011, yana auna wannan asara. Ana yi wa majinyaci allurar wani sinadari mai ɗan tururin nukiliya, sannan a ɗauki hoto bayan awa uku zuwa shida. A ƙwaƙwalwar mai lafiya akan ga haske mai siffar waƙafi a ɓangarorin biyu. A ta mai cutar, wutsiyar waƙafin takan ɓace, ya koma kamar ɗigo.

Da wannan hoto ake bambanta cutar da karkarwar da ake gada a wasu gidaje, da kuma wadda magunguna irin su haloperidol da metoclopramide ke haddasawa, domin a cikinsu hoton yakan fito lafiya lau. Amma ba ya iya raba Parkinson da PSP ko MSA, saboda dukansu suna rage dofamin.

Matsayin likita

Ƙa'idojin da ƙungiyar ƙwararru kan cututtukan motsi ta duniya ta fitar a 2015 sun ɗora gano cutar a kan binciken likita, wato tarihin ciwon, da duba tafiyar majinyaci, da yadda jikinsa ya karɓi magani. Hoto mataimaki ne idan an shiga shakka. Don haka, a inda na'urorin ke da tsada da ƙaranci, abin da ya fi dacewa shi ne iyali su fara kai mara lafiya wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, tare da jerin duk magungunan da yake sha, shi likitan ya yanke ko akwai buƙatar hoto.