Cin Abinci da Yara a Birnin Mosko: Wuraren da Suka Dace da Abubuwan Lura

Mosko, babban birnin Rasha, yana da mazauna fiye da miliyan 13, kuma gidajen abinci a cikinsa ba sa ƙirguwa. Sai dai magidancin da ya sauka da iyalinsa, ko don kasuwanci ko aikin gwamnati ko ziyarar ɗansa ɗalibi, yakan ci karo da matsala biyu. Ta farko ita ce samun abin da yaro zai yarda ya ci. Ta biyu kuwa naman alade ne, wanda yake shiga girkin Rashawa ta hanyoyin da ido ba ya gani. Maganin duka biyun shi ne sanin nau'o'in gidajen abincin tun kafin yunwa ta kama yara a kan titi.

Stolobaya, gidan abincin gama-gari

Stolobaya gado ce daga zamanin Tarayyar Sobiyet. Mai saye yakan ɗauki tire ya bi layi, ya nuna abin da yake so a bayan gilashi, sannan ya biya a ƙarshen layin. Babu jiran ma'aikaci, babu buƙatar jin Rashanci, kuma yaro yana ganin abincin kafin a zuba masa. Wadda baƙi suka fi sani ita ce Stolovaya 57 da ke hawa na uku na katafaren kantin GUM, a bakin dandalin Red Square.

Abubuwan da yara suka fi karɓa su ne bilini, wainar fulawa mai faɗi da laushi da ake ci da zuma ko madara mai zaƙi. Sirniki, wainar cuku da ake soyawa. Kasha, fate-faten hatsi da madara. Da kuma dankalin Turawa da aka dama da man shanu. Kamfanin Teremok, wanda aka kafa a 1998, ya shahara da bilini, kuma yana da rassa a manyan kantuna da dama.

Inda naman alade yake ɓoye

Pelmeni, ƙananan ƙunshin fulawa da niƙaƙƙen nama a ciki, galibi haɗin naman sa ne da na alade. Haka abin yake ga kotleti, wato soyayyen niƙaƙƙen nama, da yawancin tsiran-nama na leda. Miyar borsh ma a wasu gidajen da romon alade ake haɗa ta, ko da babu tsoka a kwanon. Shashlik ya yi kama da tsire, amma a gidajen Rashawa sau da yawa na alade ne. Kalmomi uku sun cancanci a riƙe su a waya: свинина shi ne naman alade, сало kitsensa ne, халяль kuma halal. Rashin alade a abinci ba ya nufin yankan Musulmi ne, don haka mai kiyaye wannan sai ya nemi takardar shaida, irin wadda cibiyar tantance halal ta Majalisar Muftan Rasha take bayarwa. Inda aka rasa, kifi da ƙwai da kayan lambu sun wadatar.

A ɓangaren sha, kompot da mors ruwan 'ya'yan itace ne zalla. Kvas kuwa daga burodi ake tsima shi, kuma yana ɗauke da ɗan sinadarin giya, ko da yake yaran Rasha suna shan sa.

Gidajen Uzbekawa da Tatarawa

Nan ne iyalin Musulmi suka fi samun sauƙi. Gidan abincin Uzbekawa, wanda ake kira caihana, yana da faffaɗan wurin zama da kujerun kishingiɗa. Ana samun pulob, dafa-dukar shinkafa da karas da naman rago. Lagman, taliyar murji cikin romo. Manti, ƙunshin nama da aka turara. Da samsa, wadda ake gasawa a tanda. Tatarawa kuma suna da ecpocmak, burodi mai kusurwa uku da nama da dankali a ciki, da cak-cak, soyayyiyar fulawa da zuma mai kama da cincin. Kusa da Babban Masallacin Mosko, wanda aka gina a 1904 aka kuma sake buɗe shi a Satumbar 2015 bayan sabon gini, akwai wuraren abincin halal, kuma tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Prospekt Mira ba ta da nisa. Abin lura shi ne wasu manyan caihana suna sayar da giya da shisha, musamman da dare, saboda haka rana ta fi dacewa da yara.

Wuraren da aka tanada don yara

Gidajen abinci da yawa suna da jerin abincin yara da doguwar kujerar zaunar da jariri. Kamfanin AnderSon ya yi suna da ɗakunan wasa a rassansa. Babban Kantin Yara na Lubyanka, wanda aka fara buɗewa a 1957, yana da zauren abinci a sama da wurin hangen gari a kan rufinsa. Idan ra'ayin iyali ya rabu, kasuwar Danilovsky da zauren Depo, wanda aka buɗe a 2019 a tsohuwar ma'ajiyar jiragen titi, suna tara masu girkin ƙasashe daban-daban a ƙarƙashin rufi ɗaya. Yaran da suka saba da McDonald's ba za su same shi ba, domin ya fice a 2022 kuma Vkusno i tochka ya gaji rassansa, kamar yadda Rostic's ya maye gurbin KFC a 2023.

Biyan kuɗi da al'ada

Tun watan Maris na 2022 katunan Visa da Mastercard da aka bayar a wajen Rasha ba sa aiki a ƙasar. Dole ne baƙo ya riƙe tsabar kuɗin rubul. Daga tsakar rana zuwa wajen ƙarfe huɗu a ranakun aiki, gidaje da yawa suna sayar da haɗaɗɗen abincin rana a farashi mai rahusa. Jerin abinci yakan nuna nauyin kowane kwano da giram, abin da ke taimakawa wajen raba kwano ɗaya ga yara biyu. Inda ma'aikaci ya yi hidima a teburi, an saba barin kimanin kashi 10 cikin 100 a matsayin tukwici. Doka ta hana shan taba a gidajen abinci tun Yunin 2014. Lokacin hunturu ana ajiye rigunan sanyi a ɗakin da ke bakin ƙofa a karɓi lamba.

Girkin Rashawa ba shi da yaji, wanda hakan ya yi wa ƙananan yara daidai, manya kuwa gara su taho da nasu daga gida. Idan yaro yana da abincin da jikinsa ba ya karɓa, kamar gyaɗa ko madara, a rubuta shi da Rashanci a nuna kafin a yi oda. Lambar kiran motar asibiti ita ce 103, ta agajin gaggawa kuma 112.